Jirgin Yaya Sauka Yake Yi

A jikin takardar ƙosai na fara ganinta. Mai ya jiƙa rabin shafin, amma fuskarta tana nan: wata mace da ƙwaryar gilashi kife a kanta, ƙasar da take tsaye ja wur, ga farin wata har guda biyu a sama. Ina kallo har ƙosan ya huce.

Lokacin na gama shanye littattafan soyayya na kasuwa, ba na mafarkin kowa sai saurayi mai farar shadda da sanyin murya. Ban san ana soyayya a wata duniyar ba. Da gudu na koma wurin mai ƙosan bakin lungunmu a Yakasai.

"Ke 'yar nan, ƙosai nake sayarwa ko takarda?" in ji ta. Amma ta zaro min ragowar daga ƙarƙashin faranti.

Rubutun Faransanci ne, babu mai jin sa a gidanmu, don haka zanen muka riƙa karantawa, ni da Yaya, 'yar wan babana. A wurinmu take zaune tun da mijinta ya tafi aiki ƙetare, tana ɗinkin hula tana jiran sa. Muka ƙulla wa matar labari: matuƙiyar jirgin taurari ce, tana son wani mai gyaran injin.

Shafin ƙarshe da muke da shi zane uku ne a jere. Na hagu, suna riƙe da hannun juna a gindin jirgi. Na tsakiya, jirgin yana sama. Na dama, shi kaɗai yana kallon taurari. Na fashe da kuka, na ce ta tafi ta bar shi.

Yaya ta fizge takardar. Ita karatun allo ta yi, daga dama take farawa.

"Sakarya, ina tafiya a nan? Ga shi yana jira, ga jirgi ya taho, ga ta ta sauka."

"Yaya, ta hagu ake farawa."

"Wane mai tarbiyya ne yake fara abu da hagu?"

Ta liƙa shafin a bangon ɗakinta, saitin inda take zama da allura.

Bayan na yi aure na fara koyarwa, sai na ga hoton matar a waya. An sake buga labarin gaba ɗaya da Turanci, littafi guda mai kauri da bango mai tauri. Na aika aka sayo min, ranar da ya iso na buɗe shi nan take. Takarda sumul, babu ɗigon mai, jan ƙasar nan kamar a taɓa, har ƙamshi yake yi. Na zauna a tsakar gida na cinye shi tas. Ni ce da gaskiya. Tafiya ta yi, kuma ba ta dawo ba.

Na daɗe ina juya maganar kafin na kai wa Yaya, domin har lokacin mijinta bai dawo ba, sai dai waya jefi-jefi. Na miƙa mata littafin. Ta goge hannu a zani, ta shafa bangon, ta juya littafin, ta buɗe shi ta baya kamar yadda take buɗe littattafan Islamiyya. Ta bi shi shafi-shafi har ta kai inda suke dariya tare.

"To, malamar boko, kin gani?"

Na ce na gani.

Ba ta dawo min da shi ba. Yanzu tana Kabara, a gidan da mijinta ya gina bayan ya dawo da furfura. Ta ɗinka wa littafin riga da ƙyallen shadda. Duk Alhamis da yamma 'ya'yan maƙwabta suna cika mata tabarma, ta buɗe ta dama, ta saukar musu da jirgin.