Kuskuren da Ya Rage wa Baba Tafireta

A ofishin, Baba Tafireta ake ce masa, don a kan tafireta ya koyi aiki, kuma har gashinsa ya yi fari bai saki horon malaminsa ba: ido a kan takardar da ake kwafa, yatsu su san hanyarsu. Da kwamfuta ta zo ma bai canja ba. Allon yana gabansa kamar surukinsa, a gaisa da safe, ba a haɗa ido.

Sai aka sabunta manhajar kwamfutocin ofis. Tasa, wadda ta fi kowace tsufa, ta karɓi sabon kayan ta yi shiru.

Tun daga nan takardunsa suka fara dawowa da jan biro. Nan harafi ya ɓace, can kalma ta cinye rabin 'yar'uwarta. Shugaban ofis ya kira shi, ya ba shi kujera, abin da bai taɓa yi ba.

"Baba, ko jikin ne? In hutu ya zo, ba abin kunya ba ne."

Bai yi musu ba. Mahaifinsa da rawar hannu ya ƙare, ana ba shi ruwa a baki. A gida ya koma ɓoye hannuwa cikin aljihu, ko matarsa bai gaya wa ba.

Ɗiyar ƙanwarsa, mai gyaran kwamfuta, ita ta ritsa shi da ta biyo ofis gaishe shi. Ta tsaya a bayansa yana bugu.

"Kawu, ɗaga kanka."

"Ni da na goya ki za ki koya wa aiki?"

"Ɗaga dai."

Ya ɗaga. Hannuwansa na kan cinya, amma haruffa suna ta fitowa a allon ɗaya-ɗaya, kamar masu dawowa daga jana'iza, wasu ma ba su iso ba.

"Kai ka gama, kwamfutar tana baya tana haki," in ji ta. "An ɗora wa tsohuwa kayan da ya fi ƙarfinta."

Ta kashe tarkacen manhajojin da ke tashi tare da na'urar, ta buɗe cikinta ta ƙara mata ƙwaƙwalwa, ta ce ya gwada. Ya gyara zama, ya buga shafi guda, ta fitar a takarda.

Shafin ya fito fes, sai wuri biyu. Duka biyun haruffan ƙaramin yatsan hagu ne.

"Ƙila madannin ne, Kawu."

Ya danna su da yatsan dama. Suka fito lafiya lau.

Ya daɗe yana kallon ƙaramin yatsan hagun. Sannan ya gyara wuraren, idonsa a kan allo, ya kai wa shugaba shafin da kansa, ya ce aiki yana nan hannunsa tukuna, amma yana neman izinin zuwa asibiti gobe da safe.