Malam Sammani, Wanda Ya Shanya Kwamfuta a Inuwa

Kullum da sassafe Malam Sammani kan jingine kekensa a gindin darbejiyar firamaren ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure. Sai ya buɗe ɗakin da ke ƙarshen baranda, ya yaye tsohon zanen da ya lulluɓe kwamfutar makarantar da shi, ya bi ta da gashin kaza yana kakkaɓe ƙaiƙayi. Ita kaɗai ce kwamfutar da muke da ita. Wutarta ma daga injin casar shinkafar Alhaji Sada ake janyowa, awa biyu a rana.

Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa, ƙarshen watan nan zai ajiye alli. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da idona ya gani.

'Yata Saliha shan-inna ya taɓa mata ƙafar hagu tun tana goye. Ba za ta iya dashen shinkafa ba, ba za ta iya ɗaukar kwandon tumatir ba. Kullum tunanina shi ne, me yarinyar nan za ta riƙe idan ta girma? Ranar da ta ce min Malam ya kwance cikin kwamfuta ya sa 'yan ajinsu sun taɓa, ban tsaya jin ƙarshe ba na zari mayafi na nufi makarantar.

Na ce, “Malam, ƙafa ɗaya ta rage mata, so kake wuta ta cinye hannun?”

Ya yi dariya. “Maman Saliha, zauna. Ba a jone take ba. Ke ma yau sai kin yi karatu.”

Ya juyo min da akwatin kwamfutar. Ya nuna wani ƙarfe mai fanka ya ce wannan ne dam, daga nan wuta ke fitowa. Koren allon da komai ke manne a jikinsa kuwa fadama ce, siraran layukan nan su ne magudanan ruwa. A tsakiya ga ƙwaƙwalwar, ita ce manomin. Ga ram, tabarmar shanya, abin da ake aiki a kai yanzu kawai take ɗauka. Sannan ga rumbu, inda ake adana komai. Wallahi na gane tsaf, ni da ko rediyo ban taɓa buɗewa ba.

A daminar bara aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kanal ɗin ban-ruwa ya cika ya tumbatsa cikin makaranta. Aka tarar da akwatin kwamfutar a cikin laka. Hedimasta Uba ya ce a jona a gani, in ta mutu a rufe ajin, a mayar da ɗakin sito. Saliha ta dawo gida ko tuwo ba ta kalla ba.

Malam ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Ranka ya daɗe, duk wanda ya jona ta yau, shi ya kashe ta.”

Ya kwance ta gunduwa-gunduwa, ya wanke lakar da burushin haƙori. Mu mata muka kawo faya-fayai, muka ce a baza a rana yadda muke yi wa kauɗar tumatir.

Ya ce, “Haba jama'a, miya za mu yi da ita? Inuwa take so.”

Kwana goma sha ɗaya kayan nan suna kan faya-fayanmu a zaurensa, yana juya su, yana korar kaji. Masu wucewa suna tsokanarsa: “Malam, yaya shanya? Nawa mudu?” Rumbun kuwa ya ce ruwa ya gama da shi, ya hau mota zuwa Kano ya samo wani tsoho.

Ranar da ya haɗa ta, ina tsaye a taga. Alhaji Sada ya tayar da inji. Malam ya ce, “Saliha, zo ki danna.” Ta ja ƙafarta ta je, ta yi bismilla, ta danna. Fanka ta juya. Shiru. Can sai muka ji ɗan ƙara, gilashin kwamfutar ya kawo haske. Na rufe fuskata da mayafi don kada yara su ga ina kuka.

Malam, kai ne ka hana a rufe ɗakin nan. Kai ne ba ka taɓa cewa 'yata ta koma gefe ta zauna ba. Yau ita ke buga wa ajinsu jerin sunaye, kuma ranar da gilashin ya ƙi kawowa, ita ta zare ram ta goge ta mayar. Na daina kwana da wancan tunanin.

Mun gode, mai gashin kaza. Allah Ya saka da alheri, Ya ba ka lafiyar noman ranin da ka daɗe kana marmari. Ku kuma sauran masu sana'a, makanikai da teloli da masu gyaran injin ban-ruwa, ku daina rufe murfi idan yaro ya leƙo. Ku kwance ku nuna masa. Ba ku san wace uwa ce ke tsaye a taga ba.