Magen da Aka Hana Fura

Akwai abubuwan da shekaru suka goge mini, amma ban da watan da magena ta kamu da ciwon sukari. Wannan kam yana nan daram.

Shekarar da sojoji suka koma bariki ce. Na gama sakandare, ina zaune wajen kakata Inna a Wudil. Magen fara ce, idanunta kamar ruwan kogi da hantsi. Sai ta fara ramewa, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, duk inda ta yi fitsari kuma kiyashi ya taru. Na sa ta a kwando muka tafi Kano wajen likitan dabbobi. Ya ce allura ce safe da yamma, maganin ya zauna a sanyi, abincinta kifi da nama kawai. In ba haka ba, ba za ta kai damina ba.

Ba mu da firji, sai na naɗe kwalbar a leda na binne ta cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Allurar farko na yi ta ba magen haƙuri kamar mutum.

Mako biyu ban tsallake ko sau ɗaya ba, amma ƙashin bayanta sai ƙara fitowa yake. Wata azahar na leƙa ɗakin Inna, na tarar magen ta tsoma kai cikin murfin kwano, tana lasar fura mai sukari.

“Inna! Kashe ta za ki yi?”

“Ke 'yar boko, rufe mini baki. In sha tana kallona? Haƙƙin mage wasa ne? Ranar gobe ke za ki tsaya mini?”

A lokacin haushi na ji. Yanzu na gane tsoron Allah ne ya sa tsohuwar take zuba mata, ba taurin kai ba. Na fita na zauna gindin randa, na ƙudurta cewa ba zan rasa magen ba, ba kuma zan sa Inna ta ci da haƙƙi a wuya ba.

Washegari na je bakin gada na sayo busasshen kifi, na cire ƙaya, na cika gwangwani na ajiye kusa da kwanon furarta.

“In ta kalle ki, ki ba ta wannan. Kin fita haƙƙinta.”

Ta juya gwangwanin ta taɓe baki. “Oh, ni fura, ita kifi? Lallai mulki ya koma hannun farar hula.”

Daga ranar ita ce ma agogona. Tana sallame asuba ko magariba za ta ƙwala kira: “Likita, mai jinyarki na jira!”

Ruwan farko ya sauka magen na kan katanga tana lashe gashinta, ta murmure. Abin da na koya ke nan: mai tausayi ba a ce masa ya daina, sai dai a miƙa masa abin da zai bayar wanda ba zai cutar ba.