Tafiyar da Ba a Faɗa

A gidanmu na unguwar Rumde Ajiya a Garwa ba a faɗin tafiya. Ko Kuseri Baba zai je saro atamfa, maƙwabta ba sa ji sai ana gobe, idan ya bi ƙofa-ƙofa yana sallama bayan la'asar. Dokar Kakata ce, ta gaje ta daga iyayenta da fatauci ya kawo Garwa. Ba ta taɓa ba mu dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Ina aji biyar a lise, wato sakandare, aka yanke cewa bayan dogon hutu zan koma Maiganga wajen Goggo, in ƙarasa karatu ina ɗebe mata kewa. Na yi murna. Ina son sanyin garin, da yadda hazo ke kwanciya a bayan shanu da safe. Damuwata ɗaya ce, ƙawata da muke zama benci ɗaya. 'Yar mutanen dutse ce daga wajen Mokolo, Kirista, mahaifiyarta tana sayar da gyaɗa a kasuwa. Ƙawar tawa ba ta san komai game da tafiyar ba.

A makon ne Madam, malamar Ingilishi, ta kawo darasin maganar gaba. Ta ce Ingilishi yana bambanta abin da mutum ke fata, da abin da ya yi niyya, da abin da an riga an tsayar da ranarsa. Darasin ya burge ni, kamar hadari ne: wani yana nesa, wani ya taso, wani har an ji ƙamshin ƙasa. Sai ta ce kowa ya tambayi na kusa da shi shirinsa na hutu da na baɗi, ya tashi ya faɗa wa aji.

Ƙawata ba ta ma tambaye ni ba. Ta miƙe da ƙarfin gwiwa ta ce muna zuwa bakin kogin Binuwai kallon dorina ranar Asabar, za mu koyi saƙa, baɗi kuma muna nan a bencin kusa da taga. Duk a sahun abin da aka tsayar ta sa su. Madam ta yaba mata. Ni kuwa na ƙura wa allo ido.

Da na koma gida na tarar da Kaka tana tsince shinkafa. Na durƙusa na faɗa mata komai.

"Wace? Mai dariyar nan da ke cinye mana ƙanzo?"

"Ita, Kaka."

"To ai wannan ba baƙuwa ba ce. Je ki kira ta. Amma ni zan faɗa, ba ke ba."

Muka dawo tare a kan moto, babur ɗin haya. Kaka ta zaunar da ita a tabarmarta, ta miƙa mata dakuwa, sannan ta gaya mata batun tafiyar a hankali, ta ce daga yau maganar ta zama amana a hannunta ita ma.

Ƙawata ta juyo ta harare ni.

"Munafuka! Kika bar ni ina zuba Ingilishi a gaban Madam kamar mai sanarwa a rediyo!"

"Ai kin ci maki."

"Makin ƙarya! To wa zai ba ni amsar lissafi baɗi?"

Kaka ta yi dariya har ta share ido. Ƙawata ma ta share nata, ta ce hayaƙin murhu ne.

Ta riƙe amanar har ƙarshen zango, ko mahaifiyarta ba ta ji ba. A aji idan an yi zancen baɗi sai ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin benci. Ana gobe tafiya ita ta yi mini kitso, tana jan gashin da gangan, sannan ta yafa mayafina ɗaya muka bi gidajen unguwa tare muna sallama.