Puset ɗin Malam

A unguwarmu ta Vaulx-en-Velin, a gefen birnin Lyon na Faransa, kowa ya san maigidana da keken jarirai. Puset ake ce masa a nan, mu ma haka muke kiransa. Da safe ɗiyarmu za ta kawo mana 'yarta kafin ta wuce aiki a gidan kula da tsofaffi. Ni in ba yarinyar kunu, Malam ya ɗaure ta a cikin puset ya sauka da ita. Sai su zaga ta wajen mai burodi, su bi ta bayan lakwal, wato makarantar yara, su tsaya a bencin da dattawan unguwa ke shan hantsi. Ba sa dawowa sai azahar ta gabato.

Dattawan nan ba su bar shi ya huta ba. Wani Alhaji ɗan Garwa mai sayar da turare yakan hango shi tun daga nesa ya ɗaga murya:

"Ga Bature nan tafe! Malam, saura goyo. A kawo maka zani?"

"Kai da ba ka da amarya ai dole ka yi surutu," in ji Malam.

Amarya yake ce wa jikar tasa, ita kuma ta ce masa Kaka. Duk tsawon hanya hira suke yi da Hausa. Yana nuna mata tantabara, yana nuna mata bas, tana maimaitawa. Cikin jikokinmu ita kaɗai ta tashi da Hausa a bakinta. Na wajen ɗanmu da ke Stains, a gefen Paris, in ka gaishe su sai su waiwayi uwarsu.

Na yi yawon fatauci a ƙuruciyata, na ga tsofaffin ƙasashe da dama. A Damagaram inda aka haife ni, dattijo yakan riƙe sanda tun kafin ya buƙace ta, don ado ce. A Makka na ga manyan mutane ana tura su a keke wajen ɗawafi, ba mai kallonsu. A Istanbul tsoho kan dafa kafaɗar ɗansa. A Lyon tsoho da tsohuwarsa ne ke saƙale hannun juna suna takawa a hankali. Ban taɓa ganin inda tsoho ya dogara da keken jariri ba sai a gidana.

Ƙafar Malam ta hagu ce ta fara yi masa gardama, mutumin da ya yi shekaru yana sauke akwatunan kayan lambu a babbar kasuwa ba tare da ya ce wash ba. A cikin gida yana bin bango da bayan kujeru. A waje puset ke riƙe shi. Likita ya ba shi sandar ƙarfe, ya kawo ta gida ya tura ƙarƙashin gado.

Na ce, "Malam, ka gaya wa ɗiyarmu."

Ya ce, "In gaya mata me? Aikinta ke nan, kullum tana ɗaga tsofaffin da suka faɗi. Ranar da ta ga sandar nan, ranar za ta ɗauke yarinyar."

"To in ka faɗi da ita fa?"

"Ni ne mai ƙafa ɗaya da rabi, Hajiya. Puset ƙafa huɗu gare shi."

Na sake maganar ba sau ɗaya ba, amsar ba ta canza ba. Na kuma san abin da fitar safen nan take a wurinsa. Tun da ya bar aiki, ita ce kaɗai abin da wani ke jiran ya yi.

A wani hutun bazara ɗanmu ya kira mu Paris. Ya ce yaransa sun matsa a kai su babban filin wasan nan da ke bayan gari, kuma yana so a tafi da kowa. Muka hau jirgin ƙasa, ni da Malam da ɗiyarmu da yarinyar. A tasha ɗiyar ta miƙa hannu za ta karɓi puset, Malam ya ce ta ji da jakunkuna. Ta yi dariya ta ce, "Baba da puset ɗinsa!"

Filin nan gari ne guda. Kiɗa ta ko'ina, ƙanshin sukari, mutane kamar ranar Arfa. Da farko komai ya tafi daidai, don hanyoyin shimfiɗaɗɗu ne, ba tudu ba rami. Malam na tafe a tsakiyarmu da babbar riga, yana tura amaryarsa, har wasu baƙi suna murmushi in sun gan shi.

Sai muka isa wasan farko. A bakin layi wata budurwa mai kayan aiki ta nuna mana wani fili a gefe, cike da kekunan yara an jera su. Cikin ladabi ta ce a nan ake barin puset, ba ya shiga layi. Na dubi Malam. Ya ce shi ba ya son abin da ke juya kai, mu je, zai tsare kaya. A wasa na biyu ma haka ya ce. Na zauna tare da shi a wannan karon, muna kallon ƙofar.

Wata mata ta zo a keken guragu, mijinta na tura ta, aka buɗe musu wata ƙofa ta gefe. Can kuma wani makaho ya zo da ƙaton kare mai ɗamara a ƙirji. Karen bai kula kowa ba, bai kula guntun burodin da ke ƙasa ba, yana tafe daidai da takun mai shi. Wani yaro ya kai hannu zai shafa shi, uwarsa ta janye shi ta ce aiki yake yi. Su ma aka ba su hanya.

Malam ya ce, "Ikon Allah. Kare ya wuce, keken amaryata bai wuce ba."

Na ce, "Mai karen ya faɗi abin da ke damunsa ne, Malam. Ba wanda ya hana ka faɗa."

Malam ya gyara hularsa.

Bayan mun ci abinci aka nufi wani gida da ake shiga cikin ƙananan jiragen ruwa. Yarinyar ta ga ana shirin sake barin kakanta a waje, ta riƙe rigarsa ta fashe da kuka.

"Kaka ya zo! Kaka ya zo!"

Ɗanmu ya ce, "Haba Baba, wannan ba ya juya kai. Ruwa ne kawai, ko jariri yana shiga. Ka zo tun daga Lyon don ka yi gadin puset?"

Malam ya leƙa layin. Da shingen ƙarfe hagu da dama tun daga ƙofa har ciki. Na ga idonsa yana auna tazarar. Ya ajiye puset daf da bakin shingen, a wurin da hannu zai kai, ya ce, "Bismillah."

Ya bi layin nan yana dafe da ƙarfe, kamar mai jin zafi yana hutawa. Wajen shiga jirgi ma'aikaci na miƙa wa kowa hannu, saboda haka ba wanda ya lura. A ciki yarinyar na kan cinyarsa, fitilu na haska fuskarsa, ina jin muryarsa yana gaya mata sunayen abubuwa: ga giwa, ga raƙumi, ga wata. Rabon da in ji shi yana dariya haka an daɗe.

Abin da ba mu sani ba, ƙofar fita daban take da ta shiga. Muka fito ta wani gefe na ginin. Shingen ya raka mu har waje, sannan ya ƙare. Gaba fili ne fetal, jama'a na kai da kawo. Daga nan ana hango inda Malam ya bar puset, amma babu shi a wurin. Ashe akwai masu zagayawa suna kwashe kekunan da aka bari a kan hanya suna jera su a inda ya dace. Ɗanmu ya tafi nema cikin kekuna masu kama da juna.

Malam ya tsaya a ƙarshen shingen, hannunsa a kan ƙarfe na ƙarshe. Mutanen da ke fitowa bayanmu suna raɓa shi suna cewa "pardon". Ma'aikaci ya roƙe mu mu matsa gaba don kada hanya ta toshe.

Ina kusa da shi, kafaɗata na gogar tasa. Da Turawan Lyon ne mu, da sai in saƙala hannuna cikin nasa mu wuce, ba wanda zai ga komai sai tsoho da tsohuwarsa. Amma tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa riƙe hannuna a gaban mutane ba, balle a gaban 'ya'yanmu. Da ya yi hakan, da ɗiyarmu ta gane nan take. Duk da haka na ce a hankali, "Dafa ni." Ya girgiza kai.

Yarinyar ta kama yatsansa tana ja. Ta hango mai balan-balan.

"Kaka, mu je!"

Ya saki ƙarfen. Taku na farko ya yi, na biyu ya yi. A na gaba ƙafar ta lanƙwashe, ya zube a kan gwiwa, kuma bai saki hannun yarinyar da wuri ba. Ta faɗi ta fuska. Leɓenta ya fashe, ba sosai ba, amma jinin ya ɓata gaban rigarta.

Ɗiyarmu ta ɗauki 'yarta ta duba bakin, ta miƙo mini ita. Sannan ta durƙusa gaban ubanta. Ba ta yi ihu ba. Ta sa hannu ƙarƙashin hammatarsa yadda take yi a wurin aiki, ta dubi takalminsa na hagu da gefensa ya cinye saboda jan ƙasa.

"Baba, tun yaushe?"

"Santsi ne."

"Ba santsi, Baba. Tun yaushe?"

Shi kuwa yarinyar yake kallo.

Ma'aikatan wurin suka zo da keken guragu, suka tambaya ko a kira likita. Mutanen kirki ne, ɗayansu har ya ce da mun faɗa tun da safe da an ba mu keken, an kuma nuna mana ƙofofin da suka fi sauƙi. Malam ya zauna. Ɗanmu ya dawo da puset fanko, ya tsaya yana kallonmu. Yarinyar ta daina kuka, ta zame daga hannuna ta haye cinyar kakanta, ta bubbuga hannun keken.

"Kaka ya samu puset babba!"

Yaran suka yi dariya. Manya ba wanda ya yi.

Sauran yinin ɗanmu ne ya tura shi. Kowace ƙofa aka buɗe mana ta gefe, ba mu ƙara tsayawa dogon layi ba, yaran Stains suna ta murna. Malam bai ƙara nuna wa kowa giwa ko raƙumi ba. Da la'asar ya yi salla a zaune, a wani lungu bayan wurin cin abinci, ya daɗe bai shafa addu'a ba.

A jirgin komawa Lyon ɗiyarmu ta zauna kusa da shi. Na ji tana magana ƙasa-ƙasa, tana haɗa Hausa da Faransanci kamar yadda take yi in ranta ya ɓaci.

"Ba fushi nake ba, Baba. Amma akwai titi tsakanin gida da benci. Akwai bas. Ka san abin da nake nufi."

"Na sani."

"Zan riƙa kawo ta da yamma. Tous les jours, wallahi, kullum."

"Allah ya yi miki albarka," in ji shi, ya juya fuskarsa ga taga.

Ban ga laifinta ba. Ni ma uwa ce, kuma na ga jinin a rigar. Amma na ga fuskarsa a gilashin tagar, kuma har yau ban san abin da ya kamata a ce an yi ba.

Wata maƙwabciya 'yar Aljeriya ce ta karɓi renon safe. Ɗiyarmu ta kawo wa ubanta abin dogarawa mai tayoyi da ɗan wurin zama, irin na tsofaffin wurin aikinta. Ya daɗe a bayan ƙofa ba a taɓa shi ba, Malam kuwa bai sauka ƙasa ba. Yarinyar na zuwa da yamma, a gajiye, ta ɗan yi wasa ta yi barci.

Sai wata safiya na ji ƙarar tayoyi a baranda. Ya ji labarin maƙwabciyar na bi da yaran da take reno ta gaban bencin dattawa. Na leƙa ta taga na ga ya tsallaka titi a hankali, ya zauna cikin abokansa. Alhajin Garwa ya matsa ya ba shi wuri, bai yi tsokana ba.

Tun daga ranar yake zuwa kullum ya jira su wuce. Da farko yarinyar kan miƙe a cikin puset tana kiran Kaka, matar ta tsaya su gaisa. Da sanyi ya shigo sai tsayawar ta ragu. Wata rana ya dawo ya zauna bai cire hula ba. Na kawo masa shayi, na tambaye shi ko ya ga amarya.

Ya ce, "Na gan ta. Na nuna mata tantabara na ce mene ne wannan, ta ce mini pigeon."