Jan Fentin Ƙadangare

Ɗan gwaggona ne, kuma ni na raɗa masa Ƙadangare tun muna yara, har sunan ya bi shi. Yanzu ko matarsa in ranta ya ɓaci da shi take kiransa. Ba sharri na yi masa ba. Gwaggo da bakinta ta ce bai taɓa rarrafe ba, daga zama sai ganinsa ta yi a kan katanga. Siriri ne kamar an ja shi da igiya, yatsun ƙafarsa a warwatse, kowanne yana harkar gabansa. In ya cire takalmi a tsakar gida, kaji watsewa suke yi.

Sana'arsa kai mutane kan dutse. Ba irin dutsen da yara ke hawa su leƙa gidan maƙwabta ba. Wannan sai ka yi tafiya a babur har ƙugunka ya mutu, titi ya ƙare, ka bi turbar shanu, ita ma ta gaji ta ƙare, sannan ka ɗaga kai hularka ta faɗi ta baya. Baƙi kan zo daga nesa da manyan jakunkuna da sanduna, wai sai sun taka ƙololuwarsa. Ana yin yini guda kafin a kai wata bukkar kwano a kafaɗar dutsen, a kwana a nan. Da safe a shiga tsakuwa mai zamewa, wadda in ka taka gaba sai ta mai da kai baya. Bayan ita akwai inda sai an haɗa hannu da ƙafa, daga nan kuma wani siririn doro, rami a hagu, rami a dama. Na sha tambayarsa me ake rabawa a can sama. Ya ce iska. Na ce iska kuwa ina da ita a shagona, ni mai faci ne, da famfo nake ba da ita, ba wanda ya taɓa karyewa.

"Kai dai Mai Tumbi ba za ka gane ba," in ji shi. "Dutsen ma in ya gan ka tausayin kansa zai ji."

Tun yana saurayi yake wannan aiki, bai taɓa hawa da mutum ya sauko babu shi ba. Sai dai gwiwa ba ta san wannan tarihin ba, ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Da ofishin da ke kula da dutsen ya ga haka, sai ya ba shi aikin sa alama a hanya, don masu ƙarfi su iya hawa su kaɗai in gari ya yi kyau. Aka ba shi gwangwanin jan fenti da burushi. Ya yi makonni yana ta ɗiga ja a jikin duwatsu. Ran da ya gama ya zo shagona ya zauna a kan tsohuwar taya, hannuwansa jajur kamar na mahauci.

"Ko makaho zai bi fentin nan ya kai sama," ya ce.

"To Allah ya sa makahon ya fi ka hankali, ya zauna a gida."

Ya yi dariya. A lokacin yana dariya.

'Yarsa ta fari malamar firamare ce a cikin gari, kowa Malama yake ce mata. Ta zo hutu da ƙawarta, wata nas mai fara'a. Abin kunya, 'yar Ƙadangare ba ta taɓa hawa ƙololuwar ba, kullum uban yana can da 'ya'yan wasu. A makon nan kuwa gwiwarsa ta kumbura kamar kabewa, yana kwance a tabarma an naɗe ta da tsumma.

"Baba, ba kai ka ce ko makaho zai bi fentinka ba?" in ji Malama. "Mu kuwa da idonmu."

Uwarta ta ce ba inda za su. Ta faɗa a kicin, ta fito ta sake faɗa a tsakar gida. Amma an taɓo shi a inda yake jin daɗi. Ya ce su tafi, su kwana a bukka, su hau da sassafe, su sauko kafin rana ta take. Ya ba su rigunan sanyi da tocila, ya ce kada su bar ja ya ɓace musu.

Washegari ko kwaɗon shago ban buɗe ba sai ga shi yana ɗingishi, da igiya a kafaɗa da bargo a hammata. Bai gaishe ni ba.

"Ta da babur."

Na waiga wajen dutsen. Babu shi. Daga ƙirjinsa zuwa sama wani farin hazo ya haɗiye shi, kamar an kifa masa ƙwarya.

Ban san yadda muka kai bukkar nan ba. Tafiyar da ake yi a yini, mutumin nan mai kumburarriyar gwiwa ya ja ni muka yi ta kafin rana ta karkata. Na yi haki har na ji ɗanɗanon huhuna. A cikin bukkar ga jakunkunansu a jingine, ga barguna a ninke, ga butar shayi ta yi sanyi ƙalau. Su kam babu su. Ya taɓa butar da bayan hannu, ya fita. Na bi shi don ina tsoron zama ni kaɗai.

Hazon nan jiƙa riga yake yi kamar yayyafi. Ba ka ganin abin da ya wuce tsawon ɗaki. Amma gaskiya fentin yana nan, daga wannan ɗigon kana hango na gaba, ja kamar jini. Muka wuce tsakuwar ina ta zamewa ina kiran sunan uwata. Muka kama dutse da hannu, sanyi ya mai da yatsuna itace. Yana gaba yana ƙwala kira, "Malama! Malama!" Sai dutsen ya dawo masa da muryarsa.

Da muka zo gindin siririn doron nan, iska ta yaye hazon kaɗan, na ga ramin da ke gefena. Wallahi da na tofa yawu sai mako mai zuwa zai kai ƙasa. Na ja na tsaya.

"Ɗan gwaggo, ni daga nan na koma. Ka yafe mini. Zan jira ku a bukka."

"Koma," ya ce, ko waigowa bai yi ba. "Bi ja."

Na juya. Na duba gabana, na duba hagu, na duba dama. Na murje ido.

"Wane jan?"

"Kada ka ɓata mini lokaci, Mai Tumbi."

"Na rantse babu ja a nan. Zo ka gani."

Ya sauko a fusace ya tsaya kusa da ni, ya fuskanci gangare. Duwatsu ne kawai, baƙaƙe, jiƙaƙƙu, duk kamarsu ɗaya. Ya taka ƙasa kaɗan ya juyo, ga ja a jikin dutsen yana kallonsa. Ya dawo sama ya sake dubawa, babu.

A kan hanyar hawa ya yi fentinsa duka. Kowane ɗigo yana fuskar dutsen da ke kallon mai tahowa daga ƙasa. In ya gama sai ya rufe gwangwani ya gangaro, shi kuwa tun da yake bai taɓa duba hanya a saukowa ba, ƙafafunsa ke kawo shi yana waƙa. Bai taɓa tsayawa ya ga abin da baƙo zai gani in ya juyo ba.

Ya zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen dutse. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar an zare mata ƙashi. Na nemi abin tsokana a bakina na rasa.

Can ya ce, "In kai ne, kai kaɗai, ina za ka bi?"

Na nuna hagu. Wani faffaɗan kwari ne mai santsi, ya miƙe ƙasa kamar titi. Hanyar gaskiya ashe wata 'yar tsaga ce a dama, wadda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta shiga.

"Nan ruwa ke bi," ya ce a hankali. "Ƙarshensa babu ƙasa."

Muka shiga kwarin a zaune, muna jan gindi. Ya daina kiran Malama, ya koma kiranta da sunan da uwarta ke kiranta tana jaririya. Muryarsa ta dushe. Sai muka ji wata murya daga ƙasa, "Baba! Nan! Ku bi a hankali, akwai santsi!"

Nas ce. Suna kan wani ɗan tudu, bayansa kaɗan kwarin ya yanke, sai hazo kawai ke tasowa daga ƙasa. Malama na kwance, leɓɓanta sun yi fari, haƙoranta na kaɗawa. Santsi ya ɗebe ta tun da hantsi, ta gangaro, wani dutse ya tare ta ya karya mata ƙafa a saman idon sawu. Nas ta ɗaure ƙafar da sandar tafiya da ɗankwalinta, ta cire rigar sanyinta ta lulluɓe ta, ita kuma ta zauna tana rawar ɗari.

Ya durƙusa ya naɗe 'yarsa da bargo. Ta kama hannunsa.

"Baba, mun nemi jan mun rasa. Hazo ne ya rufe shi, ko?"

Na yi ta addu'a a raina ya ce e.

"Ba hazo ba ne," ya ce.

Ya goya ta, na ɗaure su da igiya. Ya haura kwarin nan da ita a baya, gwiwarsa na ƙara ina ji. Nas na tura shi, ni ina ja. Muka shiga bukka rana na shirin faɗuwa. Da safe na gangara na kirawo maza suka zo da gadon ɗaukar mara lafiya.

Ta rayu, alhamdu lillahi. An sa mata ƙarfe a ƙafar, amma ba ta koma daidai ba. Yanzu in tana koyarwa da hannu ɗaya take dafe tebur, in ta gaji ta ja kujera. Ba ta taɓa ɗora masa laifi ba, kuma ina ganin wannan ya fi ci masa rai. Uwarta ta daɗe tana ajiye masa abinci ba tare da ta dube shi ba. Shi da ƙafarsa ya je ofis ya ce a rufe hanyar, ya faɗa musu dalili. Ya rame, mutumin da tun asali babu abin ramewa a jikinsa.

Bayan damina ya zo shagona da sabon gwangwani.

"Rufe shagon, za ka raka ni."

"Ni? Ka ga na yi kama da wanda ya gaji da duniya?"

"Idona ba shi da amfani a can, na san wurin da yawa. Matsoraci nake nema. Na duba duk dangi, babu kamarka."

Na so in ji haushi, amma na tafi. Muka hau har ƙololuwa, ni da nake cewa ko a mafarki. Sannan ya sa ni gaba muka fara saukowa, shi yana baya da burushi. Ya ce duk inda na tsaya ban san inda zan sa ƙafa ba, in ce nan. Na ce nan, ya ɗiga. Na taka kaɗan na ce nan, ya ɗiga. Bai yi gardama ko sau ɗaya ba, ko a inda na san tsoro ne kawai ya sa na faɗa. A bakin kwarin nan ya tsaya ya zana wani ƙaton gicciye ja, ya maimaita shi har fenti na zuba kamar hawaye.

Ba mu kai tsakuwa ba gwangwanin ya ƙare. Ya leƙa cikinsa, ya kankare gindin da burushi, ya dube ni.

"Jibi za mu dawo," ya ce. "Ka zo da takalmin kirki."