Alayyafon Kaka

Har yau, idan aka jefa alayyafo cikin tafasasshen ruwa, ƙanshin nan mai kama da na jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi, sai in ji abinci ya fita raina. Kada ka ce tsufa ne. Wani kare nake tunawa, da wata tsohuwa da ta ɗauki laifin da ba nata ba.

A ƙauyenmu, tsakanin Talata Mafara da Bakura, kakana na wajen uba yana da lambu a bakin hanyar ruwan da ke gangarowa daga madatsar wajen Maradun. Baba Tsoho muke ce masa. Albasa yake nomawa da rani, sai fangali biyu na alayyafo da ya bar wa matarsa, wato Kaka. Idanunsa sun soma dushewa, don haka jan karen da ke korar awaki daga lambun ya zama ɗan jagoransa. Kare a gaba, tsoho a baya da sanda, haka suke bin gaɓar ruwan kowace safiya. Ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar buta. Yana da kaskonsa a gindin mangwaro, kuma ni ce mai kai masa abinci.

Shekarar da damina ta yi gardama, hatsi ya yi ƙaranci, tuwo ya daina kwana balle a ba kare. Sai Kaka ta koma dafa masa dusa da alayyafo. Baba Tsoho yana tsokanarta, wai tana so ta mayar masa da kare akuya. Ita kuwa ta ce ai mai karen ma ganye yake ci, ba ta ji ya yi kukan akuya ba.

Ni dai abin ya tsaya mini a rai. Na ɗanɗana dahuwar nan, na ji ta salam. Albasa kuwa ga ta jibge a zaure, babu mai ƙirgawa. Kullum sai in ɗebi uku ko huɗu, in gasa a toka, in murmushe da ɗan ƙuli-ƙuli, in cuɗa wa karen cikin abincinsa a kan hanya. Ya lashe kasko tas yana kaɗa wutsiya, ni kuma ina jin babu mai tausayi kamata. Ban gaya wa kowa ba, don kada a ce ina ɓarna.

Bayan 'yan makonni ya fara zama a tsakiyar hanya yana haki. Dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya koma ja. Wata rana da hantsi muka same shi a gindin mangwaron, ƙudaje sun riga mu.

Baba Tsoho ya tsuguna ya laluba ƙasa har sandarsa ta taɓa shi. Sannan ya miƙe ya juya. Da ya isa gida ya tsaya a bakin madafa ya ce, “Na hwaɗa miki kare ba akuya ba na. Ga abin da alayyahunki ya yi.”

Kaka ta ce, “Ka yi haƙuri, Malam. Ni dai yunwa nika tsare mishi.”

Daga ranar bai ƙara zuwa lambu shi kaɗai ba, daga baya ma ya daina zuwa. Bai ƙara cin miyar alayyafo ba, tsokanar nan tasu kuma ta mutu. Kaka da hannunta ta tumɓuke fangalin nan biyu. Har ta bar duniya, idan ta ga yaro zai jefa wa kare ganye sai ta tsawata masa, ta ce ita ta taɓa kashe wani da shi.

Yanzu lambun ya fita hannunmu, gaɓar ruwan ma ba kowa ke iya binta da sassafe ba. Bara ɗana ya samo kare don gadin gida. Ran kasuwar Mafara na raka shi wajen wani likitan dabbobi, na ce masa ya ja wa yaron kunne a kan alayyafo. Likitan ya yi murmushi ya ce, “Inna, dahwahwen alayyahu kaɗan ba ya kashe kare, kar dai a cika mishi. Albasa da tahwarnuwa su ka cinye jininshi, ɗanyu ko gasassu.”

Na nemi benci na zauna. Ɗana ya ɗauka rana ce ta buge ni, ya tafi neman ruwa.

An ce rashin sani ya fi dare duhu, amma wannan bai sanyaya mini rai ba. Da na buɗe baki sau ɗaya na ce ina ƙara albasa, wataƙila da wani ya gane. Shekaru ina kallon Kaka tana sunkuyar da kai a kan abin da hannuna ya yi. Wannan ranin na shuka alayyafo a bayan ɗakina, ya yi kyau har maƙwabta na roƙo. Wadda nake so in kai wa in ce, “Kaka, ba ke ba ce,” ita ce babu.